Tom Lehrer, Malamin Lissafin da Ya Yi wa Masu Bam Zambo

A watan Yulin 1965, a wani gidan shaƙatawa na ƙarƙashin ƙasa mai suna hungry i a birnin San Francisco na Amurka, wani siririn mutum mai tabarau, sanye da kwat da laktaye kamar yanzu ya fito daga aji, ya zauna gaban fiyano. Ba makaɗa a bayansa, ba 'yan amshi. Ya ɗan yi shimfiɗa cikin sanyin murya, sannan ya saki wata waƙa mai taushi a kan Wernher von Braun, Bajamushen injiniyan da a lokacin yake jagorantar ƙera rokar da za ta kai Amurkawa duniyar wata. Shekara ashirin kafin nan, rokokin V-2 na wannan mutum ne ke faɗa wa Landan da Antwerp, kuma fursunonin sansanin Mittelbau-Dora ne aka tilasta wa haɗa su a cikin ramukan dutse, inda masana tarihi suka ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu wajen ƙera makamin sun fi waɗanda ya kashe bayan an harba shi. Amurka ta ɗauko shi a 1945, ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa, har ya riƙa fitowa a shirye-shiryen talabijin na Disney yana koya wa yara sha'anin sararin samaniya. Mai fiyanon bai ɗaga murya ba, bai yi ashar ba. Ara wa injiniyan baki ya yi, ya bar shi ya kare kansa da irin uzurin da aka saba ji a bakin ƙwararru, wato shi nasa aikin ya ƙare da harbawa, abin da ya biyo baya kuwa a tambayi wani ofishin. Zauren ya fashe da dariya, kuma har yau ana jin dariyar a faifan da aka naɗa a wurin.

Sunan mai fiyanon Tom Lehrer, sana'arsa kuma koyar da lissafi. Ya rasu ranar 26 ga Yulin 2025 a garin Cambridge na jihar Massachusetts yana da shekara 97, bayan fiye da rabin ƙarni da daina yawon wasa. Waƙoƙin da suka yi masa suna ba su cika arba'in ba. Duk da haka manyan jaridu sun yi masa doguwar ta'aziyya, matasa kuma suka shiga yaɗa tsofaffin finafinansa marasa launi a intanet. Wannan ya zo a zamanin da ba'ar siyasa ta cika wayoyinmu. Kowace kakar zaɓe tana zuwa da nata mawaƙan da nata 'yan barkwancin, a yi mako ana dariya, kafin wata ya zagayo an manta. To me ya sa nasa zambon ya kai shekara sittin bai lalace ba? Amsar da na ga hujjoji sun fi goyon baya ita ce, Lehrer ba mutum yake sa wa a gaba ba, uzurin da mutum ke fakewa da shi yake farauta, kuma ya sami damar yin haka ne saboda ba shi da ubangida.

Mawaƙin da ba shi da ubangida

An haife shi ranar 9 ga Afrilun 1928 a New York, a gidan Yahudawa masu rufin asiri, mahaifinsa yana da masana'antar laktaye. Tun yana ƙarami aka sa shi koyon fiyano, kuma wasannin kiɗa na Broadway da iyayensa ke kai shi kallo su ne suka gyara masa kunne. Yana ɗan shekara 15 ya shiga Jami'ar Harvard, kafin ya cika ashirin ya riga ya haɗa digiri na ɗaya da na biyu a lissafi. Na ukun ya daɗe yana jan sa, bai taɓa kammalawa ba. Waƙoƙinsa na farko don abokan karatu ya yi su, ana rerawa a walima da ɗakunan kwana. A 1953 ya biya dala 15, ya shiga wani ɗakin naɗar murya a Boston na tsawon awa guda, ya sa aka buga masa faifai 400 da kuɗin aljihunsa. Gidajen rediyo ba su yarda su sa su ba, domin ya taɓo abubuwan da ba a waƙa a kansu a lokacin, irin su dillalin ƙwaya da kisan kai da wariyar launin fata ta kudancin ƙasar. Ɗalibai ne suka tafi hutu da faifan, suka kunna wa 'yan uwa, sai oda ta fara zuwa ta gidan waya daga garuruwan da bai taɓa takawa ba, har aka sayar da dubu ɗaruruwa. A Birtaniya BBC ta haramta mafi yawan waƙoƙin faifan, amma da aka ambata a wani taron jami'a a 1957 cewa Gimbiya Margaret, ƙanwar Sarauniya Elizabeth, tana cikin masu sauraronsa, sai kasuwarsa ta buɗe a can ma.

Wani ɓangare na tarihinsa da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ya san masu ƙera makamai daga ciki. Ya yi ɗan aiki a Los Alamos, inda aka haɗa bam ɗin nukiliya na farko, kuma tsakanin 1955 da 1957, lokacin da aka ɗauke shi soja, a hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA ya yi hidimarsa. Ya zauna da mutanen kirki masu kaifin ƙwaƙwalwa, masu iyali, waɗanda ke lissafin yawan rayukan da makami zai hallaka su tashi su tafi cin abincin rana. Shi ya sa da ya zo kwaikwayon muryarsu bai yi kuskuren mai da su dodanni ba. Ya san yadda suke magana, ya san kuma inda maganar take yoyo.

A nan ne batun ubangida yake da nauyi, kuma mai karatu a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani. Mun san mawaƙin siyasa mai gwaninta wanda zambonsa ke kwana a bakin yara, mun kuma san cewa mai gidan da ya ba da mota shi ke nuna wanda za a yi wa. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ranar da aka ɓata, wanda aka wasa jiya shi ake muzantawa yau, waƙar bara kuma ta zama abin ɓoyewa. Wannan ba ƙarancin basira ba ne, yanayin sana'ar ne ya zo da haka. Lehrer kuwa albashinsa daga aji yake fitowa, faifansa na farko da kansa ya buga, ba jam'iyyar da ta ɗauke shi haya. Ko da gidan talabijin na NBC ya riƙa amfani da waƙoƙinsa a shirin barkwancin mako-mako a 1964 da 1965, da ya ga ana taɓa masa baitoci ana rage musu kaifi, sai ya je ya rera su da bakinsa yadda ya rubuta, wanda shi ne faifan San Francisco. Shaidar wannan 'yanci ita ce ya juya kan nasa mutanen. Masu sauraronsa galibi 'yan boko ne masu ra'ayin sauyi, amma ya yi waƙa a kan makon 'yan uwantaka da ake yi duk Fabrairu a Amurka a wancan lokaci, yana tona asirin masu yi wa baƙar fata murmushi na kwana bakwai su koma halinsu, ya kuma yi wata a kan mawaƙan zanga-zanga da ke ganin riƙe jita kaɗai ya wanke su daga laifin duniya. Mawaƙin haya ba ya taɓa zauren da ke ciyar da shi.

Zamanin tsoron bam

Sai an tuna irin fargabar shekarun nan kafin a gane abin da ya yi. Tarayyar Sobiyat ta gwada nata bam ɗin a 1949, aka shiga tseren makamai, ana koya wa 'yan firamaren Amurka shiga ƙarƙashin tebur idan sun ga walƙiya, magidanta na haƙa ramukan ɓuya a bayan gida. A Oktoban 1962 rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kusa jefa duniya cikin yaƙin ƙare dangi. Tsoron bai tsaya a Turai da Amurka ba. A Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a hamadar da iskar hunturu ke ratsowa zuwa gare mu, kuma bayan gwaji na uku gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a farkon 1961.

Cikin wannan yanayi ne, a 1959, Lehrer ya fito da waƙar da ke yi wa jama'a albishir, da kiɗa mai karsashi irin na taron farfaɗo da addini, cewa yaƙi na gaba ba zai bar mai makoki ba tunda ba wanda zai saura. Masu suka sun ce wannan rashin imani ne, mutuwar miliyoyi ba abin wasa ba ce. Ƙorafin yana da tushe, sai dai ya kamata a tambayi wanda ya fara sassauta maganar. Hukumomi ne ke buga ƙasidu masu fara'a kan yadda iyali za su tsira daga bam, masana dabarun yaƙi irin su Herman Kahn kuma suna jera alƙaluman mutuwa a jadawali suna bambanta asarar da za a iya jurewa da wadda ba za a iya ba. Fara'ar da ke cikin waƙar aro ce daga gare su. Abin da Lehrer ya ƙara kawai shi ne ya bi lissafin har ƙarshensa, yadda malamin lissafi ke karɓar da'awar ɗalibi ya ce to mu ɗauka haka ne, ya bi ta mataki-mataki har ta kai ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Dariyar tana zuwa ne daidai lokacin da mai sauraro ya gane cewa shi ma jiya ya yarda da matakin farko.

Dabarar ke nan a kusan duk waƙoƙinsa na siyasa. Bayan Sin ta gwada bam a Oktoban 1964, ya yi waƙar da kowace ƙasa ke cewa nata makamin na zaman lafiya ne, na maƙwabci ne abin tsoro. A cikin ƙasashen da ya lissafa har da Afirka ta Kudu, wadda daga baya ta tabbata gwamnatin wariya ta ƙera bama-bamai kafin ta wargaza su. A shekarar da Amurka ta sauke sojojin ruwanta a Da Nang ta Biyetnam da kuma Jamhuriyar Dominika, ya yi waƙa da muryar mai kishin ƙasa da ke ganin kowace al'umma tana da 'yancin zaɓe matuƙar za ta zaɓi wanda Washington ke so. Ya yi waƙar gurɓatar iska da ruwan sha shekara biyar kafin Amurka ta kafa hukumar kare muhalli a 1970. A duk waɗannan, cire sunan ƙasa ka sa wani, waƙar tana nan daram, domin uzurin bai mutu ba. Ana jin sa yau a bakin mai ƙera jirgi mara matuƙi, da mai sayar da manhajar leƙen asiri, da jami'in da ya ce shi umarni kawai ya bi.

Kwatanta shi da Mark Russell zai ƙara fito da zancen. Russell, wanda ya rasu a 2023, ya shafe kimanin shekara ashirin yana wasa a otal ɗin Shoreham na Washington, kuma daga 1975 zuwa 2004 yana da shirinsa a tashar PBS, yana tsaye gaban fiyano mai adon tutar Amurka. Salonsa irin na 'yan kamanmu ne, ya ɗauki karin waƙar da kowa ya sani ya ɗora mata sababbin kalmomi, sai dai shi labaran makon yake ɗorawa. Yakan ce marubutan barkwancinsa su ne 'yan majalisar dokokin ƙasar su 535. Gwani ne, ba ya kuma nuna son kai tsakanin jam'iyyun biyu, ya yi aikin da ya ninka na Lehrer sau da yawa. Amma barkwancinsa a ɗaure yake da sunan sanata kaza da abin kunyar watan kaza, don haka wanda bai san labarin ba sai an yi masa sharhi kafin ya yi murmushi. Shi ma Lehrer waƙoƙinsa da suka fi tsufa su ne 'yan kaɗan ɗin da ya rataya a wuyan 'yan siyasar lokacin, irin wadda ya yi wa mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey.

Masu cewa bai canza komai ba

Babban ƙorafi a kansa shi ne, duk wannan basira me ta hana? Yaƙin Biyetnam ya ci gaba har 1975. Ƙasashe masu bam sun ƙaru da Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa. Von Braun ya kai Amurkawa wata a 1969, ya mutu a 1977 cikin girma da lambobin yabo. Lehrer da kansa yana cikin masu wannan ra'ayi. Ya sha faɗa cewa waƙoƙinsa ba su juya tunanin kowa ba, waɗanda suka riga suka yarda da shi kawai yake sosa wa inda ke musu ƙaiƙayi, kuma yakan tuno da maganar ɗan barkwancin Ingila Peter Cook game da gidajen ba'a na Berlin, waɗanda duk kaifin bakinsu bai hana Hitler hawa mulki ba.

Ina ganin a nan ya rage wa kansa mudu. Gaskiya ne waƙa ba ta soke doka, ba ta janye runduna. Amma tana hana a binne magana. A 1965 hukumomin Amurka ba su son a tuna abin da injiniyoyinsu Jamusawa suka yi a zamanin Nazi, jaridu ma ba su cika tonawa ba. Sai a 1984 ne Arthur Rudolph, abokin aikin von Braun wanda ya kula da masana'antar V-2, ya bar Amurka ya ajiye takardar zama ɗan ƙasa bayan binciken ma'aikatar shari'a. A tsakanin waɗannan shekaru, ɗaya daga cikin wuraren da ɗan Amurka na gari zai ji an haɗa sunan gwarzon sararin samaniya da zawarawan Landan da rokokinsa suka kashe wa maza shi ne waƙar minti biyu ta wani malamin lissafi. Sannan ƙarfafa wanda ya riga ya yarda ba ƙaramin aiki ba ne. Mutumin da ke zaune shi kaɗai yana zargin ko shi ne ya haukace tunda kowa ya amince da abin da yake gani ɓarna ne, idan ya ji zaure guda ya yi dariya a kan abin, ya san ba shi kaɗai ba ne.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan ƙarfi, musamman ga ɗan Nijeriya. Lehrer bai taɓa kwana a kurkuku ba. Abin da ya fi tsanani da ya gamu da shi shi ne haramcin rediyo da hukumomin Ostireliya da suka nemi hana shi rera wasu waƙoƙi a rangadinsa na 1960. Fela Anikulapo Kuti kuwa, da ya yi wa soja ba'a, a Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka far wa gidansa na Kalakuta suka ƙona shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Idan jarumta ake aunawa, ba a haɗa su a sikeli ɗaya, kuma duk mai cewa mawaƙanmu su yi koyi da Lehrer dole ya fara amsa cewa shi a inuwar dokar da ta kare bakinsa ya yi nasa. Abin da za a iya ɗauka daga gare shi dabara ce. Kuma dabarar ta fi amfani a inda kiran suna ke da haɗari, tunda mai mulki yana iya kai ƙarar wanda ya zage shi, amma da wuya ya tsaya gaban alƙali ya ce uzurin banzan da aka kwaikwaya nasa ne.

Ba kuma duk abin da ya rera ne zan kare ba. A faifan 1965 akwai waƙar da ya jera ibadun Katolika a kan kiɗan rawa, lokacin da majalisar Vatican ta biyu ke sauye-sauyen tsarin ibada. Mabiya da yawa sun ji zafi, wasu tashoshi suka ƙi sa ta. Masoyansa suna cewa shugabannin cocin yake nufi da ƙoƙarinsu na tallata addini. Ko da haka ne, wanda dariyar ta faɗa wa shi ne tsohuwar da ke durƙuso tana addu'a, ita kuwa ba ta ƙera bam ba, ba ta tura soja ƙasar kowa ba. A wannan waƙa ya saki hanyar da ta ɗaukaka shi.

Komawa aji

Bayan wasanninsa na Oslo da Copenhagen a 1967 ya janye daga dandali, in ban da 'yan tarukan neman gudummawa, ciki har da na ɗan takarar shugaban ƙasa George McGovern a 1972. An daɗe ana yaɗa cewa ya daina ne don fushin ba sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger lambar Nobel ta zaman lafiya a 1973. Gaskiya ne ya ce ba da lambar ta sa zambon siyasa ya zama mara amfani, amma ya riga ya daina tun kafin nan. Dalilan da ya bayar sun fi sauƙi. Ya gaji da maimaita waƙa ɗaya kowane dare, kuma al'amura sun kai inda fushi yake ji, ba dariya ba. Wasu na ganin gudu ne a lokacin da aka fi bukatarsa. Ni ina ganin ya san iyakar kayan aikinsa ne, domin wanda fushi ya cika wa ciki ba ya iya aron muryar abokin gaba ya riƙe ta da sanyi har ƙarshen baiti. Ya kuma lura da wani abu game da masu sauraron da suka zo daga baya, cewa sun koma tafi maimakon dariya. Tafi mutum ke yanke shawarar yi don ya nuna ɓangaren da yake, dariya kuwa ƙwace take yi. Duk mai bin barkwancin siyasa a wayoyinmu zai iya auna wanne ya fi yawa.

Daga 1972 zuwa 2001 ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, yana ba ɗaliban adabi da fasaha darasin lissafi, yana kuma koyar da tarihin wasannin kiɗa. Ya rubuta wa shirin yara na The Electric Company waƙoƙin koyon karatu. A 1980 mai shirya wasannin dandali Cameron Mackintosh ya haɗa waƙoƙinsa ya yi wasan dandali da su a Landan, a 1998 kuma aka lallashe shi ya rera biyu a wani biki da Sarauniya Elizabeth ta halarta. A 2020 ya saki haƙƙin mallakar baitocinsa, a ƙarshen 2022 ya saki sauran duka, har da kiɗan da muryar da aka naɗa, ya rubuta a shafinsa cewa kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, kada kuma a aiko masa da ko sisi. Yanzu duk mai so yana iya fassara su zuwa kowane harshe, ya sauya baiti, ya hau dandali da su ba tare da neman izinin kowa ba. Malaman kimiyya sun daɗe da fara hakan da waƙarsa ta 1959 da ya jera sunayen sinadarai 102 da aka sani a lokacin, suna ƙara mata baitoci don ta ɗauki 118 da ake da su yau.